Nasiha Ga 'Yan Uwa Mata: Hirarmu A Kan Sudan Da Tukunyar Takiyya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya kwanar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya tashe mu muka tarar da abin ɗorawa a murhu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Kwanakin baya na je wani gidan suna bayan an tashi daga Islamiyya. Muna zaune a tsakar gida sai wata Hajiya ta miƙo waya, ta ce mu duba abin da ake yi wa mutane a Sudan. Nan take wuri ya ɗauki salati. Wata ta ce, "Ai duk makircin Turawa ne, su haɗa faɗan, su dawo da buhun masara suna ɗaukar hoto." Wata kuma ta ce, "Ni dai Majalisar Ɗinkin Duniya nake gani, wai me take jira?" Ana cikin haka aka shigo da farantan shinkafa, hira ta juya kan ankon bikin wata mai zuwa. Ni ma da ni aka yi, ban ware kaina ba. Sai da na koma gida na kwanta abin ya tsaya mini a rai: maganar nan da muka yi, wa ta amfana? Shi ya sa na ga ya dace mu tunatar da juna, domin harshe ma amana ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Abin Da Ya Faru

Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na watan Ramadan, faɗa ya ɓarke a birnin Khartum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hamidti. Mutanen nan biyu tare suka yi juyin mulki a 2021, daga baya suka ɓata a kan yadda za a shigar da RSF cikin rundunar soja da wanda zai riƙe ragama. Zuwa shekarar 2025, ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna sama da mutum miliyan 12 sun bar gidajensu, kusan rabin al'ummar ƙasar kuma suna fama da matsananciyar yunwa.

A yankin Darfur akwai wani sansanin 'yan gudun hijira kusa da garin Alfashir, sunansa Zamzam. Ki ji sunan fa, 'yar uwa, sunan rijiyar da Allah Ya ɓuɓɓugar wa Nana Hajara da jaririnta. A wannan sansani ne aka tabbatar da aukuwar yunwa mai kisa a watan Agustan 2024. A Afrilun 2025 dakarun RSF suka afka masa, dubban ɗaruruwan mutane suka sake gudu, yawancinsu mata da yara. A ƙarshen Oktoban 2025 garin Alfashir kansa ya faɗa hannunsu bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, aka samu rahotannin kisan gilla da cin zarafin mata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba Bare Ba Ne A Gare Mu

Wata za ta ce ina ruwanmu da Sudan, namu ma ya ishe mu. To, ki tambayi tsofaffin gidanku. Kafin jirgi, kakanninmu a ƙasa suke tafiya aikin Hajji, su ratsa Chadi ta Abeshe da Adire, su shiga Aljunaina, su wuce Alfashir, har su kai gaɓar Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, mutanen garuruwan nan suna saukar da su suna ba su ruwa. Da yawa ba su dawo ba, can suka yi zamansu suka hayayyafa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da ake kira Maiwurno a bakin kogin Nilu. Zuriyar waɗannan mutane 'yan Sudan ne masu jin Hausa. Haka kuma ɗalibanmu da yawa a Khartum suke karatu, har sai da aka kwaso su bayan ɓarkewar yaƙin a 2023.

Wannan hanya da alhazanmu suka bi suna fuskantar gabas, ita ce matan Aljunaina suka biyo a 2023 suna gudu zuwa Adire, goyo a baya, ƙullin kaya a ka. Ko ba don 'yan uwantakar Musulunci ba, akwai bashin ruwan da aka shayar da kakanninmu.

Maganganu Biyu Da Ke Rufe Mana Hannu

Magana ta farko ita ce ta masu cewa duk agaji makirci ne. Ba zan ce zargin ba shi da tushe ba, domin manyan ƙasashe ba sa raba kyautarsu da muradunsu, kuma Allah da kanSa a cikin Suratul Baƙara Ya yi hani ga ɓata sadaka da gori da cutarwa. Amma mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Masu harbin juna a Sudan akasarinsu Musulmi ne masu kallon gabas. Daga cikin ƙasashen da ake zargi da zuba makamai akwai na Musulmi. Gwamnatin Sudan ta kai ƙarar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kotun duniya a 2025 bisa zargin goya wa RSF baya, ita kuma ta musanta, kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Zinaren ƙasar ma yana cikin abin da ke rura wutar. In muka ɗora wa Bature komai, mun wanke namu azzalumai ke nan, mun kuma samu hujjar naɗe hannu.

Sannan karɓar taimako daga wanda ba Musulmi ba ai ba abin kunya ba ne. Lokacin da azaba ta tsananta a Makka, Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbansa Habasha, wurin Najjashi, wanda a lokacin Kirista ne, saboda adalcinsa. Cikin waɗanda suka yi wannan hijira akwai 'yarsa Nana Ruƙayya, da Ummu Salama, da Asma'u 'yar Umais (RA). Kin ga iyayenmu mata na farko sun ɗanɗana zaman gudun hijira, kuma a nan Afirka aka ba su mafaka. Uwar da ɗanta ya rame har ba ya iya kuka, ta samu abincin jinya daga hannun likita baƙo, wace ce a cikinmu za ta kalle ta ta ce ta zubar?

Magana ta biyu ita ce ta masu jiran duniya ta zo. An yi zaman sulhu a Jidda a watan Mayun 2023, ɓangarorin biyu suka sa hannu a kan kare farar hula, ba su cika ba. An yi taro a Faris ranar 15 ga Afrilun 2024, aka yi alƙawarin sama da Yuro biliyan 2. Amma alƙawari daban, buhu ya isa hannun mai jin yunwa daban, tunda masu bindiga na tare hanya suna kwashe kaya. Sai ga shi a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID gaba ɗaya. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya dogara da tuwon maƙwabci wata rana da yunwa zai kwana.

Tukunyar Takiyya

To da manyan ƙungiyoyi suka kwashe ma'aikatansu daga Khartum, wa ya ciyar da waɗanda suka rage? Mutanen unguwa ne. Sudan na da wata tsohuwar al'ada da suke kira takiyya, wurin da malamai da shehunai ke dafa abinci saboda almajiri da matafiyi da mabuƙaci. Suna kuma da nafir, wanda shi ne aikin gayya a wajenmu. Matasa maza da mata suka raya waɗannan al'adu biyu, suka kafa kwamitocin agajin gaggawa unguwa-unguwa. A masallaci, ko makaranta, ko tsakar gidan wata baiwar Allah, sai a girka ƙatuwar tukunya a dafa adas ko wake ko shinkafa, kowane gida ya kawo kwanonsa. Gidaje da yawa wannan ne abincinsu na yini guda.

Kuɗin kuwa, kafin ƙungiyoyin waje su fara tallafa musu, daga aljihun 'yan unguwa da 'yan uwansu mazauna ƙetare yake fitowa, ana turowa ta waya. Shi ya sa da aka katse layukan sadarwa a Fabrairun 2024 tukwane da yawa suka mutu. Da Amurka ta janye hannunta a 2025, ɗaruruwa suka sake rufewa. An kama wasu daga cikin masu wannan aiki, an kashe wasu, kowane ɓangare na zarginsu da yi wa abokin gaba aiki. Duk da haka waɗanda suka samu hali suka ci gaba da hura wuta. Mata irinmu ne fa, masu miji da 'ya'ya, su ma da yunwar a cikinsu suke tuƙa wa wasu.

Wannan shi ne halin da Manzon Allah (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'ariyyawa da shi: idan abinci ya ƙaranta sai su tara ɗan abin da kowa ke da shi a mayafi guda su raba daidai, har ya danganta kansa da su. Haka a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Madina, Sayyidina Umar (RA) ya sa aka girka tukwane ana ciyar da su, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ayari suka yi ta isowa. Shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har jikinsa ya sauya. Ya nemi taimako daga nesa, amma bai zauna jiransa ba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Na farko, mu gyara harshe. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Sau da yawa hoton da ake yawo da shi a WhatsApp na wata ƙasa ne ko na wata shekara. Kada ki tura abin da ba ki tabbatar ba, kada kuma ki yaɗa hoton gawa ko tsiraicin 'yar uwarki da sunan tausayi. Da ke ce ba za ki so ba.

Na biyu, ki lura da Suratul Ma'un da muke biya wa yara kullum. Wanda aka zarga a cikinta har da wanda ba ya kwaɗaitar da mutane su ciyar da miskini. Ashe ko ba ki da ko sisi, bakinki na da aiki. In hira ta zo kan Sudan a gidan biki, maimakon a tsaya a tsine wa wane da wane, ki zama ke ce mai cewa, "To yanzu mu me za mu haɗa?"

Na uku, mu bayar. Dukiyarki taki ce, ta sana'a ko ta gado ko ta sadaki, kina da ikon yin sadaka da ita, shawara da maigida kuma na ƙara albarka. Abin da yake nasa ne ki nemi yardarsa, ki kuma tuna masa cewa fakiri da miskini da matafiyin da guzuri ya yanke masa suna cikin kashi takwas na masu cin zakka. Nana Zainab 'yar Jahshi (RA) jima take yi da hannunta tana sadaka da kuɗin, har ta zarce sauran matan Annabi (SAW) a kyauta. Reshen ƙungiya na iya buɗe asusu, a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a bi ta hannun wanda aka san amanarsa, domin 'yan damfara ma suna fakewa da sunan Sudan.

Na huɗu, ki leƙa bayan katangarki. A garuruwanmu akwai matan da rikicin Boko Haram ko na 'yan bindiga ya raba da ƙauyukansu, suna kwana a kango. Mata goma in kowace ta ware gwangwanin shinkafa ko na wake duk Juma'a, tukunya ta samu. Wadda ta koyi ciyar da na kusa ita ce za ta ji zafin na nesa da gaske.

Na biyar, addu'a. Ki sa su a sujadarki, ki koya wa 'ya'yanki sunan ƙasar, su san suna da 'yan uwa a can. Ranar da yaro ya ture tuwo ya ce ba ya ci, ki zaunar da shi ki ba shi labarin Zamzam.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, Ya kama hannun azzalumai. Ya Allah kada Ka jarrabce mu da abin da ba za mu iya ba, Ka zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ka sa mu cikin masu ciyarwa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.