Wa Ke Da Ikon Cewa Hankalin Mutum Ya Gushe?

Ba abin da mutum ya mallaka wanda ya fi hankalinsa daraja, amma kuwa ba kalmar da ta fi "mahaukaci" saurin fita daga bakin jama'a. Da an liƙa wa mutum ita, sai a karɓe masa gona, a raba shi da iyali, maganarsa ta zama abin dariya ko da gaskiya ya faɗa. To, wa ke da ikon yanke wannan hukunci, kuma har yaushe hukuncin zai ci?

A ɗauki misalin manomi a ƙasar Kurfi, wanda ciwo kan taso masa lokaci lokaci. In ya taso sai barci ya ƙaurace masa, ya yi ta surutu dare da rana. Cikin wannan hali ya kora shanun huɗarsa zuwa kasuwar Dutsin-Ma, ya sayar da su a kan rabin kuɗinsu. Bayan wata biyu ciwo ya lafa, ya koma yana salla cikin jam'i, yana lissafin damman geronsa ba kuskure. 'Yan'uwansa suka ce tun da ya taɓa yin haka, gonar ma ba za a sake bari a hannunsa ba.

Rabin maganarsu gaskiya ce. Littattafan Malikiyya da alƙalai ke hukunci da su, kamar Muhtasar na Shehu Halilu, sun nuna cewa cinikin wanda hankalinsa ya gushe ba ya ƙulluwa, sakinsa kuma ba ya aukuwa, waliyyinsa ne zai tsare masa dukiya. Watau cinikin shanun nan sai a warware shi. Amma littattafan nan dai sun sa wa tsarewar iyaka, ita ce ranar da ya farfaɗo. Haka kuma dokar hukunta laifi ta Jihar Arewa, ta 1959, halin da mutum ke ciki a sa'ar da ya yi abu take dubawa, ba sunan da gari ya raɗa masa ba.

Ashe tambayar ba ita ce ko wane mahaukaci ne ba. Tambayar ita ce, a wannan rana, bisa wannan al'amari, ya san abin da yake yi? Mutum ya iya kasa riƙe kuɗin shanu, amma ya san sarai maganin da ke sa shi makyarkyata, ya kuma san wanda yake so ya yi jinyarsa. A Ingila an rubuta wannan cikin doka a 2005: kowane baligi ana ɗaukarsa mai hankali sai an tabbatar da akasin haka, kuma yin zaɓin wauta kaɗai ba hujja ba ne. Da wauta hauka ce, ai da kasuwa ta watse.

Abin da ya fi wuya shi ne, waɗanda suka fi kowa sanin majinyacin su ne kuma za su nome gonar in aka hana shi. Ba a ce azzalumai ne ba, gama su suka kwana suna gadinsa. Duk da haka wanda zai ci amfanin hukunci bai kamata ya zama shi ne mai yanke shi ba. Nasu shaida ne, na likita bayanin ciwo, yanke magana kuwa na alƙali ne, bayan ya ji ta bakin mai gonar kansa.

Hukuma ma ta daɗe kafin ta gane haka. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, tsare mutum ta sa gaba, ba neman yardarsa ba. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka, wadda ta ba majinyaci haƙƙin a yi shawara da shi kan maganinsa. Alhali tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta. Ya saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti da rana. Wannan darasi ya cancanci kowane ɗalibin likita ya haddace shi kamar yadda yake haddace sunayen ƙwayoyi.

Inda ba a bi haka ba, an ga abin da ya faru. A Oktoban 2019 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da Katsina, suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don neman sauƙi, ba alƙalin da ya ji ta bakinsu, ba kuwa ranar da aka sa ta sake duba ko sun warke.