Kunyar baki da kunyar zuciya

A zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, masu ji da kansu sun ɗauki ladabin baki da girma ƙwarai. Wando ma, wasu ba su kiran shi da sunanshi gaban mata, sai su ce "abin da ba a ambata". Abin dariya ne, i. Amma ni da nike karatun harshe, tambayar da ke damuna ita ce: in baki ya ji kunyar kalma, ko zuciya ma ta ji kunyar aikin?

Ku dubi magungunansu na jarirai. Akwai Godfrey's Cordial, ruwan zaƙi mai ofiyom a ciki, wanda masu reno ke ɗura wa yara in uwaye sun tafi aikin masana'anta. Akwai Mrs Winslow's Soothing Syrup mai morfin, wai na zafin fitowar haƙori. Sunayen kamar na lallashi. Yaro ya sha ya yi shiru, barci ya hana shi neman nono, ya rame, wani sa'in ya mutu. Sai a 1868 doka ta fara sa ido kan saida ofiyom. A ƙasar da ake kunyar faɗin wando, ƙananan yara na shiga bututun hayaƙi suna share shi, har dokar 1875 ta tsaida abin.

Abin da ladabi ya rufe, sau da yawa raha ke tone shi. A 1858 an yi kuskuren zuba gubar arsenik cikin alewa a garin Bradford, mutum wajen ashirin suka mutu. Mujallar barkwanci Punch, wadda aka kafa a 1841, ta zana ƙwarangwal yana dakan kayan alewa a turmi. Kowa ya gane ba tare da dogon bayani ba, kamar yadda taubashi ke yaɓa maka gaskiya cikin wasa.

Kada wani ya ce ina zagin kunya. Mu ma da ita aka rene mu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma wannan sakayawar girmamawa ce, ba ta cutar da kowa. Sakayawar da nike tsoro ita ce mai ɓoye ɓarna. In abokinmu na haɗiyar tramol muka ce "maganin gajiya" ne, in aka yi wa yarinya fyaɗe muka ce "an lalata ta" kamar ita ce abin ƙyama, to mun yi irin ta Turawan can.

Ga ma'aunin da nike ba mu shawara, ƴan'uwa: duk lokacin da muka sakaya kalma, mu tambayi kanmu wa sakayawar ta kare. In mai rauni ta kare, ladabi ne. In mai laifi ta kare, gara mu kira abin da sunanshi, ko da za a ce mun yi rashin kunya.