Biyayyar Bawa da Biyayyar Ɗa

A daren da aka bashe shi, Ubangiji Yesu ya yi wa almajiransa doguwar magana ta bankwana. A cikinta, a Yohanna sura 14, sau uku ya ɗaure ƙauna da kiyaye umarninsa da igiya ɗaya, a aya 15, 21 da 23. Ƙauna ce saiwa, biyayya kuwa 'ya'yan itacen. Wannan tsari ba a ranar ya fara ba. A Fitowa sura 20, kafin Allah ya furta doka ta fari a Dutsen Sinai, sai da ya tuna wa Isra'ilawa cewa shi ne ya fisshe su daga bautar Masar. Sun riga sun haye teku, sun riga sun ci manna. Ga mutanen da aka riga aka fansa aka ba da Dokoki Goma.

Amma akwai biyayyar da ba ta san ƙauna ba, Yesu kuwa ya nuna kamanninta a Luka sura 15. Yawancin masu wa'azi kan tsaya a kan ƙaramin ɗan da ya lalatar da gādonsa, su wuce babban da sauri. Alhali kuwa Farisiyawa da malaman Attaura da ke gunaguni ne suka sa aka ba da misalin, babban ɗan kuma hotonsu ne. Mutumin nan bai taɓa barin gida ba. Daga gona ma yake dawowa sa'ad da ya ji kiɗa da rawa. Da bakinsa ya ce shekara da shekaru yana bauta wa mahaifinsa, bai taɓa ƙetare umarni ba, mahaifin kuma bai ƙaryata shi ba. Sai dai ranar nan ta tona abin da ke ƙarƙashin hidimarsa: ashe lissafi yake yi, yana jiran ɗan akuyar da zai yi shagali da abokansa. Ko kiran ƙanensa ɗan'uwa ya kasa yi. Yana kwana a ɗakin ɗa, zuciyarsa kuwa ta ɗan ƙodago ce. Yesu bai faɗi ko ya shiga bikin ba. Ya bar shi tsaye a bakin ƙofa, mahaifinsa yana lallashinsa.

Irinsa ba su ƙare a ikkilisiya ba. Ba sa fashin sujada, zakkarsu ba ta makara, su ne na fari a aikin gayyar ginin majami'a. Amma ran da ciwo ya shigo gida, ko aka zaɓi wani ya zama dattijo aka bar su, sai su fito da takardar bashin da suke ganin suna bin Allah.

Yusufu ya bi wata hanya dabam. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi. A gidan Fotifar babu mahaifinsa Yakubu, babu taron masu bi, ba a ma ba da Shari'ar Musa ba tukuna. Matar maigidansa ta matsa masa kowace rana, har ranar da babu kowa cikin gida. Abin da ya riƙe shi, bisa ga Farawa sura 39, shi ne amanar da maigidansa ya ba shi, da kuma sanin cewa wannan mugunta zunubi ce ga Allah. Ladan da ya samu nan take shi ne ƙazafi da kurkuku, sai da ya kai shekara 30 kafin ya tsaya gaban Fir'auna. Da a ce don lada yake biyayya, da tun a kurkuku ya tuba da ita.

Kada kuma wani ya fake da wannan ya ce tun da Allah zuciya yake dubawa, aiki ba kome ba ne. Manzo Yohanna ya kira mai da'awar sanin Allah ba tare da kiyaye umarninsa ba maƙaryaci (1 Yohanna 2:4). Shi ne kuma ya ce umarnin nan ba su da nauyi. Ba wai gafarta wa maƙiyi ko ƙin cin hanci abu ne mai sauƙi ba. Yakubu ya yi kiwo shekara 7 saboda Rahila, rana da sanyi suna dukansa, amma ya ga shekarun kamar 'yan kwanaki. Aikin bai ragu ba, ƙauna ce ta sauya yadda ya ji shi.

A nan ne maganar ta iso tsakar gida. Yaron da aka raina da bulala da tsawa kaɗai zai yi ladabi muddin idon mahaifinsa yana kansa. Wata rana zai tafi jami'a a Jos ko Zariya, ko bautar ƙasa a garin da ba wanda ya san sunan gidansu. Can zai shiga nasa gidan Fotifar, bulalar kuwa tana rataye a ƙauye. Horo yana da wurinsa, Littafin Karin Magana ya tabbatar da haka. Amma a Maimaitawar Shari'a sura 6, an fara umartar iyaye su ƙaunaci Ubangiji da dukan zuciyarsu, maganarsa ta zauna a cikinsu, sa'an nan su koya wa 'ya'yansu a zaune da a tafe, da kwanciya da tashi. A surar nan kuma aka ce idan ɗa ya tambayi ma'anar dokokin, amsar da mahaifi zai fara da ita ita ce labarin fitowa daga Masar.

Yara da yawa a gidajen masu bi sun haddace abin da Allah ya hana, amma ba su taɓa jin mahaifinsu ya ba da labarin ranar da Yesu ya cece shi ba, ko su ga mahaifiyarsu ta roƙi gafarar maƙwabciya don Almasihu ya riga ya gafarta mata. Addu'ar iyali ta safe, wadda a gidaje da dama ta zama lokacin karanta laifofin jiya, ita ce wurin da ya kamata su fara jin wannan labari.