Inuwa da Ruwa: Shin Hutu Ma Yana da Hukunci?

A gefen garin Birnin Kudu akwai duwatsu da suka hau juna suka bar inuwa a ƙarƙashinsu. Mutanen gari sun san su da sunayensu: Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu. A jikinsu akwai zanen shanu da jan launi, wasu da dogayen ƙahoni, kuma ba su da tozo, alhali shanun da ake kaiwa kasuwar Sara ta Gwaram a yau da tozonsu suke zuwa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa zanen ya ga jiya da shekaranjiya. A tsakiyar shekarun 1950 Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya zo ya duba su. Ya kuma tarar da wasu duwatsu a wurin waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, jikinsu duk gurabu saboda yawan bugu. Ya rubuta cewa a lokacin biki amare da ƙawayensu kan je Dutsen Murufu. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa.

Masana sun fi damuwa da shekarun zanen. Amma akwai abin da ya fi wannan sauƙin gani. Mutum ba ya zana saniya yana gudu. Wanda ya haɗa launi ya tsaya yana gyara lanƙwasar ƙaho mutum ne da ya sami inuwa, ya ajiye sandarsa, hankalinsa ya kwanta. Tun kafin a san otal, mutanen wannan yanki suna da wurin da suke fita daga hayaniyar gari su zauna.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar kwana a waje ba ce. Fatake suna da zango a bakin gari kusa da ruwa, Fulani suna da masheƙari, maharba suna kwana a dawa. Sarakunan Kano kuma suna da gidajen da suke fita zuwa gare su a Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa da Wudil da Takai, har hawan Ɗorayi da na Fanisau suka zama wani ɓangare na bikin Sallah. Sai dai in aka cire sarki da kilisarsa, duk sauran sana'a ce ta fitar da su. Bafatake bai kwana a zango don sha'awar taurari ba.

Kwana a daji don nishaɗi kawai ɗabi'a ce ta mutanen da birni ya shaƙe. A Ingila ta yi ƙarfi, bayan masana'antu sun cika garuruwa da hayaƙi. A 1907 Baden-Powell ya kai yara tsibirin Brownsea suka kafa tantuna, daga nan ƙungiyar Sikawut ta samo asali, ta kuma iso Nijeriya a 1915. A Arewa, an keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ruwan ɗumi na Wikki ya zama wurin wanka da hutawa.

Tafkunan shaƙatawa na ƙasar Kano kuwa, wadda Birnin Kudu da Gwaram suke cikinta har 1991, suna da uba guda, wato Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka tare ruwa a Bagauda, sannan aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974, daidai lokacin da fari ya gama ƙona Sahel. Ruwan da Tiga ke iya riƙewa ya kusa kubik mita biliyan 2. Don noman rani da ruwan sha aka yi ta, kuma manoman Kadawa da Kura da Bunkure suna cin moriyarta har gobe. Amma Audu Bako ya ga wani abu bayan tumatir da alkama. Ya ga cewa ruwa mai faɗi yana jan ido, sai aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse a Tiga, a cikin birni kuma aka buɗe gidan namun daji da yanzu yake ɗauke da sunansa.

Noman ya rayu, hutun ya mutu. Otal ɗin Bagauda ya koma reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, ɗakunan da aka gina don masu hutu suka zama na masu haddar dokoki. Rock Castle ya shafe shekaru a yashe. Akan ɗora laifin a kan sakacin gwamnati, kuma da gaskiya a ciki. Amma da wuraren sun shiga zuciyar jama'a, da an ji kuka lokacin da suke lalacewa, kuma ba a ji wani kukan kirki ba. An gina su ne a kan tsarin hutun Bature da babban ma'aikaci: shinge, mai gadi, kuɗin ɗaki, da irin abin sha da kiɗan dare da aka san manyan otal-otal na wancan zamani da su. Manomin Gwaram bai taɓa ganin wurin a matsayin nasa ba, malamin zaure kuma bai ga dalilin yi masa addu'a ba. A haka shaƙatawa a bakin ruwa ta sami baƙin suna, har ya zama in an ce wane ya tafi hutawa bakin dam, wasu sai su haɗa ido.

To, laifin na hutun ne ko na abin da aka cakuɗa da shi?

Masu tsanantawa suna da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa rayuwa gajera ce, za a tambayi bawa a kan lokacinsa da ƙuruciyarsa. Suna cewa wuraren nan matattarar cakuɗuwar maza da mata ce, ana shagala har Sallah ta wuce. Game da duwatsun Birnin Kudu kuwa suna ƙara wani abu: zane ne na masu rai, na mutanen da ba a san addininsu ba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya bi ta Hijir, ƙasar Samudawa, a hanyarsa ta Tabuka, ya rufe kansa ya hanzarta, ya kuma hana shiga gidajensu sai da kuka.

Amma duk wanda ya karanta rayuwar Madina da idon basira zai ga wani gefen. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wata rana Manzon Allah ya shiga wata gona, ya zauna a bakin rijiyar Aris, ya zura ƙafafunsa a ciki. Abubakar ya zo ya zauna a damansa ya zura nasa, Umar ya zauna a hagu ya yi haka, Usman ya zo ya tarar gefen ya cika, ya zauna yana fuskantarsu. A wannan zaman, a bakin ruwa, ƙafafu na reto, aka yi wa mutum uku bushara da Aljanna. Haka kuma yakan shiga gonar Abu Ɗalha mai suna Bairuha, da ke fuskantar masallaci, ya sha ruwanta mai daɗi. Da Hanzala ya zo a firgice yana zargin kansa da munafunci, don yana jin tsoron Allah a majalisi amma in ya koma gida sai ya shagala da iyali da gona, ba a ce masa ya bar iyalin ba. An nuna masa cewa kowanne da lokacinsa. Salmanul Farisi ma ya hana Abud Darda'i raya dukan dare, ya tuna masa haƙƙin jikinsa da na iyalinsa, kuma Manzon Allah ya gaskata Salmanu.

Alƙur'ani da kansa ya yi ta umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kuma da ya zo siffanta sakamakon masu imani, inuwa da ruwa mai gudu ya fi ambata. Abu ne mai wuya a ce Allah ya kwaɗaitar da bayinsa da abin da son sa aibi ne. Zancen Hijir kuwa na mutanen da nassi ya ambaci halakarsu ne da suna. Babu nassin da ya ce komai a kan makiyayin da ya zana saniyarsa a Dutsen Mesa. Sahabbai sun buɗe Masar a zamanin Umar ƙarƙashin Amru ɗan Asi, suka tarar da dalar Fir'auna da gine-ginen mutanen farko, kuma ga su nan tsaye har yau. Abin da Musulunci ya hana shi ne a je dutse neman biyan buƙata. Zuwa kallo da tunani a kan waɗanda suka shuɗe wani abu ne daban.

Saboda haka amsar tambayar ba ta da nisa. Hutu halal ne a asalinsa, abin da aka yi a cikinsa ne ke gyara shi ko ɓata shi, kamar yadda yake a kasuwa da gidan biki. Inda aka daɗe ana kuskure shi ne tsayawa a nan, kamar aikin addini ya ƙare da an ce halal ko haram. Shari'a ta wuce haka nesa: ta ɗauki wurin hutawar jama'a a matsayin haƙƙi da ake karewa. Hadisi ya yi kashedi mai tsanani ga mai yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwarsu, wata ruwayar ta ƙara da mashayarsu. Inuwar da ake nufi ita ce wadda mutane ke zama a ciki su huta. Wani hadisin ya sa mutane tarayya cikin ruwa da makiyaya da wuta. Malaman fiƙihu, har da na Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Birnin Kudu, sun yi bayanin hurumin rijiya da na kogi, wato filin da ke kewaye da ruwa wanda ba a barin wani ya mallake shi ya cutar da masu zuwa. Manzon Allah ya keɓe kwarin Naƙi'u, Umar ya keɓe Rabaza, don amfanin jama'a. Usman kuma ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa kowa, gugansa daidai da gugan talaka.

In aka auna tarihin tafkunanmu da wannan ma'auni, za a ga an gaza ta fuska biyu. Inda gwamnati ta gyara wuri, ta kewaye shi ta sa masa kuɗin da talaka ba zai iya ba. Inda wurin ya zama na kowa, an bar shi ba mai kula. Kogin Bunga, wanda yake zama Kogin Jama'are a gaba, yana ratsa wannan yanki da faɗin rairayi a rani da ambaliya a damina. Yara da samari suna zuwa irin waɗannan wurare ko an yarda ko ba a yarda ba, musamman a zafin bazara da ranakun yawon Sallah. Suna zuwa gulbi, suna zuwa kududdufin da masu aikin hanya suka haƙa suka bari. Ba alamar da ke nuna zurfi, ba wanda ya iya ruwa da aka sa ya tsaya, ba makewayi, ba wurin alwala. In yaro ya nutse sai a ce kwana ya ƙare. Haka ne, ajali ba ya jinkiri, amma kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar, kuma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai unguwa ko uba nauyin da ke kansa ba.

Mata su suka fi kowa asara. Namiji yana da dandali da majalisa da bakin kasuwa. Matar da ta wuni tsakanin murhu da turmi, in an ce ta huta, hutun jaki ne da kaya a ka. Amaren da Fagg ya ba da labarinsu suna da wurin fita da ƙawayensu a bayan gari. Jikokinsu da yawa ba su da irinsa, domin an ga illar cakuɗuwa sai aka rufe ƙofar gaba ɗaya, maimakon a keɓe musu rana ko gefe. Wannan ba tsoron Allah ba ne kaɗai, akwai lalaci a ciki, don hanawa ta fi tsarawa sauƙi.

Abin da ake buƙata bai kai ginin Tiga ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da cibiya a Birnin Kudu don waɗannan zane-zane, amma kare duwatsun daga masu fasa dutse da masu rubuta sunayensu a jiki aikin mutanen gari ne kafin na Abuja. A bakin kogi kuma, fili kaɗan ne, da itatuwan maina ko mangwaro, da makewayi, da ɗan masallaci, da Sarkin Ruwa ko wani masunci da za a riƙa biya ya tsaya ranakun cunkoso. Masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram suke ƙarƙashinta, ta yi suna wajen tsarin tattara zakka a gundumominta. Zakka tana da mutane takwas da aka iyakance mata, ba za a dasa itace da ita ba. Amma wakafi ba shi da wannan iyaka, kuma hakimai da limaman da suka iya shawo kan manomi ya fitar da buhun gero za su iya shawo kan mai gona a bakin Bunga ya bar wa jama'a kadada ɗaya, a rubuta ta a gaban alƙali, yadda magada ba za su sayar ba.