Ƙarya Ce Ko Ciwo?

A unguwarmu akwai wani dattijo, magini ne a dā, wanda ya yi shekara da shekaru yana shan burkutu. Yanzu in ka gaishe shi da safe, kafin tsakar rana ya manta ya gan ka. In ka tambaye shi inda ya je jiya, sai ya ce ya tafi kasuwa sayen siminti, alhali kuwa ko zaure bai fita ba. Yara suna ce masa maƙaryaci. Matarsa ta zo wurina da hawaye ta ce, "Malam, shi ya jawo wa kansa. Dole ne in ci gaba da ɗawainiyarsa?"

Likitoci sun san wannan ciwo. Wani likita ɗan Rasha mai suna Sergei Korsakoff ya bayyana shi a shekarar 1887. Mashayi ba ya cin abinci sosai, giya kuma tana hana hanji tsotsar bitamin B1, wanda ake samu a wake, gyaɗa da nama. In ƙwaƙwalwa ta rasa shi, wurin ajiye sabon abu yakan lalace. Mutum yakan tuna ƙuruciyarsa, amma ba ya riƙe abin da ya faru ɗazu. Sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da labari, shi kuma ya gaskata. Ashe ba ƙarya yake yi ba, gama maƙaryaci ya san gaskiya ne ya ɓoye ta.

To, ba shi da laifi ke nan? Yana da shi, tun ranar da aka gargaɗe shi ya ƙi ji. Amma 'yan'uwa, su wa suka riƙa cika masa ƙwarya? Su wa suka yi dariya sa'ad da yake tangaɗi a hanya? Cikin Farawa sura 9, da Nuhu ya bugu, Shem da Yafet ba su tsaya auna laifin mahaifinsu ba. Rufe tsiraicinsa suka yi.

Na gaya wa matar cewa hakkinsa yana kanta, amma ba ita kaɗai ba. Yanzu matan zumunta suna kai abinci bi da bi.

In ka ga mashayi ya ruɗe, yana tangaɗi ko da bai sha ba, idanunsa suna rawa, ka kai shi asibiti ran nan. Allurar bitamin B1 da wuri tana iya ceton abin da ya rage.