Ɓarawon Dare da Ɓarawon Rana

Abin karatu: Fitowa 22:1-4

Mutum yana barci da iyalinsa, can tsakar dare sai ya ji motsi a gindin katanga. Ya tashi, ya lalubi sanda ko adda. Me Allah ya yardar masa ya yi da abin da ke hannunsa, ina ne kuma iyakarsa?

Shari'ar Musa ba ta kauce wa zancen ba. Kalmar Ibrananci da ke cikin aya ta 2 tana nufin haƙa, gama bangayen gidaje a ƙasar nan yawancinsu na tubalin laka ne, ɓarawo kuwa ba ya wahal da kansa da ƙofa, sai ya huda bango. Wanda ya taɓa zama a ginin ƙasa ba sai an bayyana masa ba. Hukuncin kuwa kashi biyu ne. In mai gida ya buge mai haƙan nan cikin duhu har ya mutu, ba a neman jininsa a hannun mai gida. In gari ya riga ya waye, ana nema.

Ku lura da kyau. Ɓarawon bai sake ba, kayan ma ba su sake ba. Me ya sake ke nan? A duhu mai gida bai sani ba ko mutum ɗaya ne ko biyar, ko da wuƙa ya zo, ko akuya yake nema ko rai. Maƙwabta suna barci, 'ya'yansa suna kwance a bayansa, ba shi da zarafin auna bugu. Da rana fa yana ganin fuskar mutumin da hannuwansa. In ya yi kururuwa jama'a za su fito, akwai shaidu, akwai alƙali. Ashe abin da ya wanke mai gida da dare ba darajar kayansa ba ce, haɗarin da rai ke ciki ne. Sa'ad da haɗarin ya wuce, izinin ma ya wuce.

Sauran al'ummai ba duka suka yi wannan bambanci ba. Hammurabi, sarkin Babila, wanda ya yi mulki wajen shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, ya sa aka sassaƙa dokokinsa a dutse, aka tono dutsen a Susa a 1901. Doka ta 21 ta umarta a kashe mai fasa gida a bakin ramin da ya haƙa. Musa kuwa biya ya sa: shanu 5 a bakin sa ɗaya, tumaki 4 a bakin tunkiya, ninki biyu in an sami dabbar da rai a hannunsa. Gawa ba ta biyan kome. Tunkiya ana ramawa, rai ba a ramawa, ko da na ɓarawo ne.

Wani zai ce, to, ina koyarwar Ubangiji a Matta 5:39 a kan wanda aka mara? Tambayar tana da nauyi, ba kuwa zan sauƙaƙa ta ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rasu a 430, bai yarda Kirista ya kashe mutum domin tsirar da kansa kaɗai ba, ko da yake ya yardar wa soja da ma'aikacin hukuma su kāre waɗansu. Ina girmama wannan ra'ayi. Amma mari cin mutunci ne, mutuncinka kuwa naka ne, kana iya yafewa. Ran matarka da na yaron da ke barci a tabarma ba naka ba ne da za ka bayar kyauta. Amana ce.

Zancen kulle ƙofa da gadi ba ya bukatar doguwar magana. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki ya ba shi sojojin rakiya (Ezra 8:22), Nehemiya kuwa ya tafi da su (Nehemiya 2:9), daga baya ma ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro. Littafi bai zargi ko ɗayansu ba. Kwaɗo mai ƙarfi da kare da fitila ba rashin bangaskiya ba ne. Har ma alheri ne ga ɓarawo, gama wanda bai sami shiga ba, ba a buge shi ba.

Inda muka fi faɗuwa, 'yan'uwa, ba a duhu ba ne. A watan Oktoba na 2012, a Aluu kusa da Fatakwal, aka zargi ɗalibai 4 na jami'a da sata. Aka tuɓe su, aka yi ta dukansu, aka cinna musu wuta a gaban taro. Ba ran kowa da ke cikin haɗari a lokacin sai nasu. Wanda aka riga aka kama, aka ɗaure, mutum hamsin suna kewaye da shi, ɓarawon rana ne ko da ƙarfe biyun dare aka kama shi, in ma ɓarawon ne.

Na san amsar da akan bayar: in an kai shi wurin 'yan sanda, jibi za a gan shi a kasuwa. Wani lokaci gaskiya ne, ɓacin ran ma yana da dalili. Ku tattauna wannan a taronku. In aka kama mutum a gidan ɗayanku, unguwa ta taru da sanduna, wa zai fara buɗe baki, me kuma zai ce?