Ganga ta Maza, Tulu na Mata: Wa Ya Raba?

Duk wanda ya saba zuwa Misa ran Lahadi ya san yadda mawaƙanmu suke zama. Mata ne suka fi yawa a kan benci, su ne kuma suka fi ɗaga murya. Amma ganga tana hannun namiji, ogan ma haka, mai bi da waƙa kuwa sau da yawa namiji ne. Sai ranar da Zumuntar Mata suka fito da ankonsu, sa'an nan mu ga tulu da caki a hannun mata. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma kowa yana binta. Ya kamata mu tambayi kanmu: wane ne ya yi wannan rabo, kuma akwai adalci a cikinsa?

Rabon nan ya girme mu, gama daga gida muka zo da shi. A ƙasar Hausa tambari da kakaki da algaita na fada ne, maza ke riƙe da su. Kalangu na mahauta ne tun asali, gangar noma kuwa ta manoma ce. Mata su ma ba su rasa nasu ba. Suna da shantu da kiɗan ƙwarya, suna da lugude a bakin turmi, da waƙar niƙa, da ta daɓe, da ta raino, 'yan mata kuma suna da gaɗa a dandali. Ashe al'ada ba ta taɓa cewa mace ba ta iya kiɗa ba. Abin da ta yi shi ne ta ba namiji fili da fada, ta bar wa mace tsakar gida.

Kada mu yi saurin zagin kakanninmu. Sana'ar kiɗa tana tafe da yawon dare, da kwana a garin da ba naka ba, da roƙo a gaban masu kuɗi. Iyaye sun ji wa 'ya'yansu mata tsoro, tsoron kuwa yana da dalili. Amma daga wannan tsoro wani abu ya tsiro wanda ba shi da kyau, wato awo da mudu biyu. Namiji ya fita waƙa, a ce sana'a yake yi. Mace ta fita, a fara tambayar tarbiyyarta. Marigayiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana kiɗan amada tana yi wa mata gargaɗi su kama sana'a, gidaje da yawa kuwa sun amfana da maganarta. Duk da haka, iyaye nawa ne a cikinmu za su yi murna in 'yarsu ta ce za ta bi sawunta? Muna son waƙar, muna ƙyamar mai yin ta. Wannan ba kunya ba ce, rashin gaskiya ne.

Littafi Mai Tsarki bai san wannan mudu biyu ba. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Bahar Maliya, Maryamu 'yar'uwar Haruna ce ta ɗauki bandiri, mata suka bi ta da kiɗa da rawa, Littafin Fitowa sura 15 kuwa ya kira ta annabiya. Debora ta yi waƙar nasara tare da Barak a Littafin Mahukunta sura 5. Waƙar da Ikilisiya take rerawa kowace yamma a addu'arta, daga bakin Budurwa Maryamu ta fito, kamar yadda Luka ya rubuta a sura ta 1.

Sai dai mu faɗi gaskiya, Ikilisiya ma ta daɗe tana koyon wannan darasi. Ranar 22 ga Nuwamba, 1903, Paparoma Piyus na 10 ya fitar da takarda a kan waƙar ibada, inda ya ɗauki aikin mawaƙa a matsayin hidimar da ta keɓanta ga maza, ya ce in ana bukatar siririyar murya a sa yara maza. Abin lura, ranar ce idin Sisiliya Mai Tsarki, macen da mawaƙa duka suke neman addu'arta. Bayan Majalisar Batikan ta Biyu, umarnin da ya fito daga Roma a 1967 ya bayyana cewa ƙungiyar mawaƙa tana iya zama ta maza, ko ta maza da mata, har ma ta mata zalla inda hali ya kai ga haka. A 2012 kuma Paparoma Benedik na 16 ya sa Hildegad ta Bingen cikin Malaman Ikilisiya, 'yar zuhudu Bajamushiya da ta rasu a 1179 ta bar waƙoƙi fiye da 70. Bangaskiya ba ta sauya ba. Ikilisiya ce ta gane cewa wannan tsari na zamani ne, ba umarnin Ubangiji ba. In Uwa ta iya duba nata tsarin ta gyara, 'ya'ya ba su da hujjar cewa nasu ba ya taɓuwa.

To, yaya za mu bambanta tsari mai kyau da raini? Mu tambayi kowace al'ada: me take karewa, wa kuma yake biyan kuɗinta? Zumuntar Mata su riƙe tulunsu, ba wanda aka cuta da haka, abin ado ne ga sujadarmu. Amma yarinyar da hannunta ya fi na kowa a kan ganga, aka ce ta sauka don ita mace ce, an cuce ta, an kuma cuci jama'ar da za ta yi sujada da kiɗanta. A misalin talanti na Matiyu sura 25, bawan da ya binne abin da aka ba shi ya sha hukunci. Mu yi tunani a kan wanda ya tilasta wa wani ya binne nasa. Baiwa amana ce daga Allah, ba mu ne muka raba ta ba, ba mu da ikon hana ta.

Mun san matan da suka yi shekaru suna waƙa, da aka ɗaura aure sai muryarsu ta ɓace, domin maigida ba ya son fitar dare. In dare ne matsalar, majalisar Ikilisiya ta mayar da koyon waƙa da rana. In kuwa akwai shugaban mawaƙa da yake neman 'yan mata da lalata, shi za a tsawata wa a kuma cire, ba yarinya za a kulle a gida ba. Ba a hukunta tunkiya don laifin kura.

Maza kuma, akwai tamu asarar. Da yawa daga cikinmu muna tsayawa a bayan majami'a, baki a rufe, kamar yabon Allah aikin mata ne da yara. Ɗan da ya ga ubansa yana jin kunyar waƙa, shi ma zai girma da wannan kunya. Wanda ya hana 'yarsa ganga da wanda ya hana kansa waƙa, ciwonsu ɗaya ne: tsoron bakin mutane ya fi ƙarfin godiyarsu ga Mai bayarwa.

Saboda haka, a taron mawaƙa na gaba, bari shugabanni su tambayi yara duka, maza da mata, wanda yake son koyon ganga da ogan, a koya masa. Iyaye maza kuma su buɗe littafin waƙa ran Lahadi. Sisiliya Mai Tsarki, ki yi addu'a dominmu.